Kwana Ya Ƙare Ko Sakaci Aka Yi? Yadda Ake Toshe Ƙofofin Kuskure A Asibiti Da Masana'antar Magani

  

Duk wanda yake limanci ko wa'azi a unguwa ya saba da zaman makoki. Mukan zauna a kan tabarma a ƙofar gida, a yi addu'a, a shafa, sannan wani ya matso kusa ya rage murya ya ba da labarin yadda abin ya faru. Wani lokaci a ce allura aka yi wa yaro, kafin a zare ta jikinsa ya saki. Wani lokaci a ce maganin da aka ba baiwar Allah na maƙwabciyar gadonta ne, sunansu ne ya zo ɗaya. Idan mai labarin ya kai ƙarshe sai wani dattijo ya ce kwana ne ya ƙare, kowa ya amsa da haka ne, a sake shafa fatiha, magana ta mutu a nan.

Dattijon bai yi ƙarya ba. Babu rai da zai mutu kafin ajalinsa, wannan aƙidarmu ce, kuma da ita zukatan iyaye suke samun sanyi. Abin da yake damunmu shi ne abin da ke biyo baya. Asibitin da abin ya faru ba ya jin komai, ba a rubuta komai ba, ba a canza komai ba. Kwalaben nan biyu masu kama da juna suna nan a jere a kan kanta ɗaya, suna jiran hannun da zai sake ɗaukar wadda ba ita ba. Bayan wata shida sai a shimfiɗa wata tabarmar a wata unguwar.

A yau muna so mu duba yadda masana harkar lafiya suka koyi rage irin wannan kuskure, mu kuma duba inda hakan ya haɗu da abin da muka karanta a littattafan fiƙihu tun muna zaure.

Girman matsalar

A shekarar 1999 wata cibiyar masana lafiya ta Amurka ta fitar da rahoton da ya girgiza likitocin duniya. Rahoton ya ƙiyasta cewa mutum 44,000 zuwa 98,000 ne ke mutuwa duk shekara a asibitocin ƙasar saboda kurakuran da za a iya kauce musu. Wannan fa a ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa ana tsakiyar tiyata. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce kusan mutum ɗaya cikin kowane marasa lafiya goma yana cutuwa a yayin da ake yi masa magani, kuma kaso mai yawa na wannan cutarwa ana iya hana shi. A 2017 hukumar ta ƙiyasta cewa kurakuran ba da magani kaɗai suna jawo wa duniya asarar dala biliyan 42 a shekara. Saboda girman lamarin ne aka ware ranar 17 ga Satumba ta kowace shekara, tun daga 2019, domin tunatarwa a kan tsaron lafiyar majinyata.

Abu mafi muhimmanci da binciken masana ya nuna shi ne, yawancin waɗanda kuskuren ke faruwa a hannunsu mutanen kirki ne da suka san aikinsu. Nas ce da ta kwana a tsaye tana kula da gadaje masu yawa ita kaɗai. Likita ne da ya ga marasa lafiya tun safe har rubutunsa ya koma kamar tafiyar tsutsa. Mai harhaɗa magani ne da aka katse shi da tambaya yana tsakiyar ƙirga ƙwayoyi. Idan aka kori wannan aka kawo wani, aka bar shi cikin yanayin da na farko ya yi aiki, shi ma ranarsa tana zuwa. Hausawa sun riga sun faɗa, sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ilimin kyautata ingancin aiki, wanda masana'antu suka fara amfani da shi kafin asibitoci su ɗauka, aikinsa shi ne neman tsagar bangon a liƙe ta.

Darasi daga sahun salla

Mu da muka tashi da karatun Ahalari da Iziyya da Risala bai kamata wannan tunani ya zama baƙo a wurinmu ba. Babin ƙabli da ba'adi, wanda yara ke haddacewa tun suna ƙanana, gaba ɗayansa an gina shi ne a kan sanin cewa mai salla zai manta. Shari'a ba ta tsaya ga umartar liman da ya kula ba. Ta tanadi abin da zai yi idan ya rage, da abin da zai yi idan ya ƙara, da abin da zai yi idan ya yi shakka. Ta kuma ba wa mamu, ko da shi ne mafi ƙanƙanta a sahu, damar yin tasbihi domin ya ankarar da liman.

Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wata rana Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi sallama bayan raka'a biyu a ɗaya daga cikin sallolin rana masu raka'a huɗu. Masu gaggawa suka fita suna cewa an rage salla. A cikin jama'a akwai Abubakar da Umar, Allah Ya yarda da su, amma kwarjini ya hana su magana. Sai wani sahabi da ake kira Zul Yadaini ya tambaya ko mantuwa aka yi ko kuwa sallar aka rage. Annabi bai tsawata masa ba. Ya juya ga sauran jama'a ya nemi tabbaci, da suka gaskata mutumin sai ya cika abin da ya rage, ya yi sujadar rafkanwa.

A wannan ƙissa akwai duk abin da masana tsaron majinyata suke koyarwa a yau. Mafi darajar halitta ya yi mantuwa domin a koyar da al'umma. Manyan da ke kusa sun yi shiru saboda girmamawa. Wanda ya yi magana ba shi ne mafi matsayi ba. Shugaba ya saurara, ya bincika, ya gyara nan take. A ɗakin tiyata sau da yawa akwai wanda ya ga kuskuren tun kafin ya auku, wata ƙaramar nas ko ɗalibin likita, amma tsoron babban likita ya ɗaure masa harshe. Asibitin da yake son rage mace-mace dole ya zama wurin da Zul Yadaini zai iya buɗe baki ba tare da fargabar abin da zai biyo baya ba.

Haka kuma ayar bashi, mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, ta yi umarni da a rubuta kuma a kafa shaidu, ta ambaci hikimar cewa idan ɗaya ya manta ɗaya zai tunatar. In har kuɗi sun cancanci rubutu da shaida, ran mutum ya fi cancanta.

Yara da ruwan magani mai guba

Mu fara da masana'anta, domin kuskuren da aka yi a can yana shiga dubban gidaje a lokaci ɗaya. Akwai wani sinadari da ake kira dayetilin gilaikol, wanda ake amfani da shi a masana'antu wajen haɗa abubuwa irin su man birki. Ba shi da launi, yana da ɗan zaƙi, yana da kauri, kuma a ido ba a bambanta shi da gilisarin ko furofilin gilaikol, waɗanda su ne halastattun sinadaran da ake narka maganin ruwa na yara a cikinsu. Ya fi su araha. Idan ya shiga jikin yaro sai ya lalata ƙoda, fitsari ya ɗauke, cikin kwanaki kaɗan rai ya yi halinsa.

A 1937 wani kamfani a Amurka ya narka magani a cikin wannan sinadari ba tare da gwaji ba, mutum fiye da 100 suka mutu. Shekara guda bayan haka ƙasar ta kafa dokar da ta wajabta tabbatar da amincin magani kafin a sayar da shi. A 1990 irin wannan ya faru a Najeriya ta hanyar farasitamol na ruwa, yara fiye da 100 suka rasu, daga cikinsu 47 a asibitin koyarwa na Jos. Wannan musiba tana cikin dalilan da suka sa aka kafa hukumar NAFDAC a 1993. A ƙarshen 2008 kuma sai ga maganin haƙorin yara mai suna My Pikin, wanda aka haɗa a Legas. Likitoci a Zariya da Legas da Ibadan suka fara ganin jarirai ana kawo su fitsari ya tsaya. Zuwa farkon 2009 hukumomi suka sanar da mutuwar yara 84. Bincike ya nuna an sayi sinadarin ne a hannun dillalin da ba shi da rajista. A 2013 babbar kotun tarayya a Legas ta yanke wa ma'aikatan kamfanin biyu hukuncin ɗaurin shekara bakwai.

Duk da haka labarin bai ƙare ba. A 2022 yara kusan 70 suka mutu a Gambiya, kuma a ranar 5 ga Oktoba na shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan wasu magungunan tari da mura guda huɗu da aka haɗa a Indiya. A Indonesiya fiye da yara 200 suka mutu a wannan shekarar ta irin wannan hanya.

Shekara 85 ke nan tsakanin musibar farko da ta Gambiya, guba ɗaya ce, ƙofa ɗaya ce. Kuma makullin ƙofar sananne ne. Ƙa'idojin haɗa magani da duniya ta amince da su sun ce kada masana'anta ta dogara da rubutun da ke jikin durom, ko takardar da dillali ya kawo. Irin waɗannan sinadarai a ɗebi samfuri daga kowane durom a gwada shi a ɗakin gwaji kafin a yi amfani da shi. A sayi kaya daga wanda aka bincika aka san asalin kayansa. Kowane rukunin magani da aka haɗa a ba shi lamba, a rubuta abin da aka zuba, da nawa aka zuba, da wanda ya auna, mutum na biyu ya duba awon ya sa hannu. Kafin a fara sabon magani a share layin aiki tsaf, kada kwali ko takardar maganin jiya ta saura. A ajiye samfuri daga kowane rukuni domin bincike idan ƙorafi ya taso. Sashen da ke tabbatar da inganci kuma ya zama mai cin gashin kansa, wanda zai iya hana kaya fita ko da mai kamfani yana tsaye yana lissafin asara.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai kamar rariya ne. Babu rariyar da ba ta da huda, amma idan aka tankaɗe gari sau huɗu da rariya huɗu, da wuya tsakuwa ta tsallake dukkansu. Musiba tana aukuwa ne ranar da aka cire rariya ɗaya don gaggawa, aka cire ta biyu don tsimi, ta uku kuma ta yage ba a gyara ba.

A nan wajibi ne mu rarrabe. Ma'aikacin da ya ɗauki durom bisa kuskure daban yake da mai kamfanin da ya san akwai gwaji ya ƙi biyan kuɗinsa. Na biyun ya shiga babin algus. Muslim ya ruwaito yadda Annabi ya cusa hannunsa cikin tarin abincin wani ɗan kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tuhume shi a kan ɓoye jiƙaƙƙen, ya kuma barranta daga mai algus. Wannan a kan hatsi ne wanda mai saye zai iya dubawa da idonsa. To ina ga magani, wanda uwa ba ta da hanyar sanin abin da ke cikinsa sai amanar wanda ya haɗa?

Takardar tuni a ɗakin tiyata

A asibiti kuwa, gyaran da ya fi ba da mamaki shi ne mafi sauƙi. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da takarda mai shafi ɗaya ɗauke da abubuwa 19 da ma'aikatan tiyata za su tabbatar da baki, a fili, a wurare uku: kafin a sa majinyaci barci, kafin wuƙa ta taɓa fata, da kafin a fitar da shi daga ɗakin. Ana tambayar sunansa, da aikin da za a yi masa, da ɓangaren jikin da za a yi wa aikin. Ana tambaya ko akwai maganin da jikinsa ba ya karɓa, ko an tanadi jini, ko an ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta a kan lokaci. Kowa a ɗakin yana faɗin sunansa da aikinsa, domin wanda ya riga ya yi magana sau ɗaya ya fi samun ƙarfin halin sake magana idan ya ga matsala. A ƙarshe a ƙirga audugar tsane jini da allurai da almakasai, a tabbatar ba a bar komai a cikin mutum ba.

An gwada takardar a asibitoci takwas na ƙasashe daban-daban, masu arziki da matalauta, har da wani asibitin karkara a Ifakara ta Tanzaniya. Sakamakon da aka buga a 2009 ya nuna mace-macen bayan tiyata sun sauko daga kashi 1.5 zuwa kashi 0.8 cikin 100, matsalolin bayan aiki kuma daga kashi 11 zuwa kashi 7. Ba a sayi sabuwar na'ura ba, ba a kawo sababbin likitoci ba.

Sai dai ƙwarewa ta nuna takardar ba laya ba ce. Inda aka mayar da ita abin cikewa bayan an gama aiki don kawai a nuna wa shugabanni, amfaninta kaɗan ne. Tana aiki ne inda mutane suka tsaya da gaske, suka saurari juna.

Akwai kuma gyaran da ya fi tunatarwa ƙarfi, wato a sa kuskuren ya yi wuyar aukuwa tun asali. Sinadarin fotasiyam mai ƙarfi, idan aka tura shi cikin jijiya ba a sirka ba, yana tsayar da zuciya, kuma kwalbarsa tana kama da ta wasu ruwan allura na yau da kullum. Shekara da shekaru ana gargaɗin ma'aikata su kula, ana ci gaba da rasa rayuka. Da asibitoci suka kwashe shi daga ɗakunan jinya suka mayar da shi ma'ajiyar magani, sai matsalar ta ragu ƙwarai, domin hannu ba ya ɗaukar abin da ba ya nan. Uwa mai hikima ma haka take yi, ba ta tsaya gargaɗin mai rarrafe a kan wuƙa ba, ɗauke wuƙar take yi.

A ƙasarmu akwai tsagar bango da ta keɓanta da mu. Sunayenmu suna maimaituwa. A ɗakin mata guda ana iya samun Aisha Muhammad uku, a na maza Musa Ibrahim biyu. Shi ya sa ƙa'idar tantance majinyaci da abu biyu, suna da lambar kati ko ranar haihuwa, ta fi zama wajibi a wurinmu, musamman wajen ƙarin jini. Ga kuma zafi da rashin wuta. Allurar oksitosin da ake yi wa mai haihuwa don tsayar da zubar jini ana son ajiye ta cikin sanyi, idan ta daɗe cikin zafi ƙarfinta yana raguwa. Ungozoma za ta yi komai daidai, allurar ta ƙi aiki, saboda wani firji da ya mutu a wani ɗakin ajiya ba wanda ya rubuta.

Kuskure, zunubi da lamuni

Wani zai ce, ai an ɗauke wa wannan al'umma kuskure da mantuwa. Haka ne, amma malamai sun bayyana cewa abin da aka ɗauke shi ne zunubi, haƙƙin bayin Allah yana nan. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta wajabta diyya da kaffara a kan kisan kuskure, alhali mai shi bai yi nufi ba. Hikimar a bayyane take: rai yana da daraja, kuma wanda ya san kuskurensa yana da farashi zai ƙara kiyayewa.

Abu Dawuda da Nasa'i da Ibn Majah sun ruwaito hadisin da ya ɗora lamuni a kan wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin likitanci ba. Ibnul Ƙayyim, a cikin Zadul Ma'ad, ya kasa masu magani gida biyar. Ƙwararren da aka ba izini, ya yi aikin yadda ya dace, amma cuta ta yi ƙarfi, babu komai a kansa. Jahilin da ya ruɗi mutane da rigar likita yana da lamuni. Ƙwararren da hannunsa ya zame, da wanda ya yi kuskure wajen zaɓen magani, da wanda ya yi aiki ba da izini ba, kowanne da hukuncinsa. A wasu surorin malamai sun ɗora diyyar a kan dangi ko baitulmali, wato al'umma ta ɗauki nauyin tare da shi, domin kada tsoro ya kori ƙwararru daga aikin ceton rai.

Wannan rarrabewa ita ce masana na yau suka dawo gare ta. Wanda ya yi kuskure irin na ɗan Adam a tallafe shi a gyara tsarin. Wanda ya saba yanke hanya a ja masa kunne a koya masa. Wanda ya yi ganganci da gangan, ko ya ɓoye, ko ya canza rubutun kati bayan abin ya faru, a hukunta shi. Inda ake hukunta kowa ba bambanci, ma'aikata sukan koyi ɓoyewa, kuma kuskuren da aka ɓoye ba ya koyar da kowa. Asibitoci masu inganci suna da rajistar da ma'aikaci zai rubuta har kuskuren da aka tare kafin ya kai ga majinyaci. Sukan zauna su bi diddigi, suna tambayar dalili bayan dalili har su kai ga tushe. Daga nan su gwada ƙaramin gyara a ɗaki ɗaya, su auna sakamako da alƙaluma, in ya yi kyau su faɗaɗa, in bai yi ba su sake dabara.

Magabatanmu ma ba su bar wannan fage ba. Marubuta tarihin likitanci sun ruwaito cewa a shekara ta 319 bayan Hijira wani mutum ya mutu a Bagadaza saboda kuskuren mai magani, sai Halifa Muƙtadir ya hana kowa yin aikin likita har sai Sinan bin Sabit ya jarraba shi, aka jarraba mutum ɗari takwas da wani abu. Littattafan hisba, irin su Nihayatur Rutba na Shaizari, sun ware babi a kan masu sayar da magani da hanyoyin gane algus a cikin kayansu. Halifa bai tsaya ga cewa kwanan mutumin ne ya ƙare ba, duk da ya yi imani da hakan. Ya ɗauki mutuwa ɗaya ya gyara tsarin birni guda da ita.

Rabon gidajenmu a cikin aikin

Rariya ta ƙarshe tana hannun mai jinya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa kusan ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marasa inganci. Don haka a sayi magani a kantin da yake da rajista, a guji na tire da na baro da rana ta gasa. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Idan kwalin yana da wurin kankarewa, a kankare a tura lambar ta waya don tabbatarwa. Kada a jefar da kwali ko kwalba sai an gama shan maganin lafiya, domin lambar rukunin da ke jiki ita ce ake bi idan wani abu ya faru.

Idan za a je asibiti a tafi da duk magungunan da majinyaci yake sha, har da na gargajiya, a nuna wa likita. A faɗi maganin da ya taɓa tayar masa da ƙaiƙayi ko kumburi. Kafin a bar gaban likita ko mai ba da magani a tambayi sunan maganin, da amfaninsa, da yadda za a sha, sannan a maimaita masa abin da aka fahimta. Maganin yara da nauyinsu ake auna shi, saboda haka a yi amfani da ma'aunin da ya zo da kwalbar, cokulan gida ba girmansu ɗaya ba. Idan aka zo yin allura ko ƙarin jini ba a tambayi suna ba, mai jinya ya faɗa da kansa cikin ladabi. Idan yaro ya sha maganin ruwa sannan fitsarinsa ya ragu ko ya tsaya, a garzaya asibiti da shi tare da kwalbar.

Kunya tana daga cikin imani, amma ba irin wadda ke hana tambaya a kan rai ba. Abu Dawuda ya ruwaito labarin mutumin da ya ji rauni a ka a cikin tafiya, abokansa suka ce masa dole ya yi wanka, ya yi ya mutu. Da labari ya kai ga Annabi ya yi fushi ƙwarai, ya ɗora musu alhakin mutuwarsa, ya nuna cewa tambaya ce ta kamace su tun da ba su sani ba.

Ga ɗalibanmu da ke karatun likitanci da jinya da haɗa magunguna, nasiharmu ita ce ku ɗauki wanke hannu, da rubutu mai karantuwa, da cikakken bayani wajen miƙa aiki ga wanda ya karɓe ku, a matsayin amana da za a tambaye ku a kanta. Ranar da kuka zama manya, ku gode wa ƙaramin da ya ankarar da ku a gaban jama'a, domin sauran suna kallon yadda za ku karɓa. Ga masu asibitoci da hukumomi kuwa, ma'aikacin da aka bar shi ya kwana biyu ba barci, kuskurensa yana da rabo a wuyan wanda ya tsara masa aikin.

Ga iyalan da abin ya riga ya shafa, neman bayani daga asibiti da kai ƙorafi ga hukuma bai saɓa wa haƙuri ba, bai kuma saɓa wa yarda da ƙaddara ba. Kuna da damar yafe diyya, kuma yafiya alheri ce, amma ku yafe bayan an rubuta abin da ya faru an kuma gyara, saboda ɗan wani da zai kwanta a gadon nan gobe. Lokacin da Sayyidina Umar ya juya da jama'a daga hanyar Sham saboda annoba, aka tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, sai ya nuna cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take, ya buga misali da makiyayin da ya zaɓi kwari mai ciyawa ya bar busasshe. Gwada durom kafin a zuba, da ƙirga auduga kafin a ɗinke, da tambayar suna kafin a ɗaura jini, duk suna cikin wannan babi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya saka wa ma'aikatan lafiya da alheri a kan ɗawainiyarsu, Ya kare hannayensu daga kuskure. Allah ne Mafi sani.